Ku Tambaya Mu Amsa: Wai Wane Kifi Ne Famfiret?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili namu. Wannan makon saƙonnin da suka taru kusan duk a kan kifi ɗaya ne, wanda ake rubuta Pomfret a jikin kwalinsa ko a takardar abinci ta otal, mu kuma bakinmu ya fi kama famfiret. Na haɗa su wuri guda saboda amsar wani zata taimaki wani. Masu tambaya a kan kiwon zabi da ƙwarin wake kuyi haƙuri sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Salam Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ina zuwa Gwanzu ta ƙasar Chaina sarin kaya, wani lokacin kuma Dubai. A Gwanzu akwai wani kifi mai faɗi da nake ci, fikafikansa ruwan ɗorawa, suka ce min famfiret ne. Da naje Dubai nace a bani famfiret sai aka kawo min wani fari fat ɗan ƙarami kuma kuɗinsa ya fi wancan nesa ba kusa ba, Balaraben yace sunansa zubaidi. Kwanaki kuma abokina ya nuna min hoton famfiret a waya, baƙi ƙirin mai manyan idanu. Don Allah wanne ne na gaskiya, ko dai cutata aka yi?
Daga wani Alhaji, Kantin Kwari

AMSA: Wa'alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Kwantar da hankalinka ba wanda ya cuce ka, dukkansu ukun da wannan sunan ake sayar da su, amma ba dangi ɗaya bane ko kaɗan. Abin da ya haɗa su kawai shi ne siffa, duk masu faɗi ne shafaffu kamar faifai, wutsiya a rabe biyu, to 'yan kasuwa sai suka yi musu kuɗin goro.

Wanda kake ci a Gwanzu kifin kiwo ne. Sunansa a wajen masana Trachinotus, ana kiwonsa a manyan kejina da ake kafawa a cikin teku wajen Hainan da Gwandon da Gwanshi a kudancin Chaina, ana zuba masa abinci safe da yamma, cikin 'yan watanni ya kai girman sayarwa, shi yasa yake da araha kuma ko yaushe kaje zaka same shi duk kai ɗaya kamar an auna. Kuma abin da zai baka mamaki, ɗan gidan su kote ne, eh koten nan dai da ake soyawa a bakin titi da yamma, dangin da ake kira Carangidae. Akwai ma wani ɗan'uwan nasu da ake cewa baƙin famfiret, Larabawa da Indiyawa suna ce masa halwa, in ka shafa gindin wutsiyarsa zakaji ɗan layi mai kaushi mai tauri irin wanda mata suke ferewa da wuƙa a jikin kote. Wannan layin kaɗai ya isa ya tona masa asiri.

Na Dubai, zubaidi, shi ne sarkin a wajen daɗi gaskiya, kuma kuɗin da ka biya ba asara bace. Sunansa Pampus argenteus, danginsa Stromateidae. Ba a tsakiyar teku yake ba, kusa da gaɓa yake zama inda ƙasan ruwa yake da laka, tun daga Tekun Fasha, gaɓar Fakistan da Indiya har zuwa Indonesiya da Jafan. Yadda zaka gane shi da kanka ba sai an faɗa maka ba: ka juya cikinsa, sauran kifaye suna da 'yan ƙananan fikafikai guda biyu a ƙasan ƙirji, shi babba ba shi da su sam, wajen sumul yake. Bakinsa ɗan mitsitsi ne. Sannan in ka riƙe shi ka saki ka dubi tafin hannunka zakaga wani ƙyalli fari ya manne maka, ɓawonsa ne, ƙanana ne sosai kuma da an taɓa suke fita. Tsokarsa fara ce mai taushi, ƙayarsa ɗaya ce a tsakiya mai laushi babu 'yan ƙananan nan masu shaƙe yara.

Tsadarsa kuma dalili gareta. Kama shi ake yi ba kiwo ba, kuma ya ragu sosai saboda yawan kama shi. A Kuwait duk shekara ana hana kama shi daga 1 ga Yuni zuwa 15 ga Yuli don ya samu ya yi ƙwai, ranar da aka buɗe kuwa kasuwar kifi cika take da masu gwanjo. A Indiya jihar Maharashtra, inda birnin Mumbai yake, a 2023 ta ayyana shi a matsayin kifin jiha musamman don a kare shi, saboda masunta suna kwashe ƙananan tun basu girma ba.

Shi kuma baƙin mai manyan idanu da abokinka ya nuna maka, in ka buɗe littafin ilimin kifi ka nemi dangin famfiret, to shi zaka tarar. Karanta amsar da ke ƙasa Alhaji, don ɗalibar nan a kansa ta tambaya.

TAMBAYA: Malam ina yini. Ni ɗaliba ce a BUK, an bamu aiki mu yi bayani a kan dangin kifi guda ɗaya na teku, ni sai Bramidae ya faɗo min, wlh ko sunan ban taɓa ji ba, abin da na samu a intanet kuma duk ya cakuɗe. Don Allah a taimaka min da bayani da Hausa yadda zan fahimta kafin na rubuta.
Daga wata ɗaliba, Rijiyar Zaki

AMSA: Lafiya lau ƙanwata, Allah ya bada sa'a. Kin yi dace ma kuwa, don dangi ne mai ban sha'awa kuma ba su da yawa balle su rikita ki. Cakuɗewar da kika gani ita ce wadda nayi wa Alhaji bayani a sama, to farko ki ware zubaidi da baƙin famfiret ɗin nan halwa da na Chaina gefe, ba sa cikin aikinki.

Bramidae nau'i wajen 20 ne, an kasa su gida 7. Suna cikin manyan tekuna uku, Atilantika da Fasifik da Tekun Indiya, kuma ba kifin bakin gaɓa bane, can tsakiyar teku suke inda ba a hango ƙasa. Jikinsu shafaffe ne ta gefe da gefe, goshi a tsaye, baki ya ɗan kalli sama, fiffiken baya guda ɗaya ne dogo tun daga kusa da kai har kusa da wutsiya, na ƙasa ma haka, ɓawonsu kuma manya ne masu riƙo, ba irin na zubaidi ba, sai an sa ƙarfi ake kankare su. Suna da rai launinsu azurfa ne mai duhu yana walƙiya, da sun mutu sai su koma baƙi, shi yasa duk hoton da kika gani na kasuwa baƙi ne.

Wanda aka fi sani shi ne Brama brama, na Tekun Atilantika. Wani Bafaranshe mai suna Bonnaterre ne ya shigar da shi littafin kimiyya a 1788, Turawan Ingila kuma suna jingina sunansa ga wani masaninsu John Ray da ya rasu a 1705. Yawanci tsawonsa santimita 40 ne zuwa sama kaɗan, amma yana iya kaiwa mita ɗaya, nauyi har kilo 6. Ana samunsa tun daga Nowe can arewa har zuwa Afirka ta Kudu, har cikin Bahar Rum, kuma yana nitsawa har zurfin mita 1,000.

To nan ne inda nake so ki tsaya ki yi tunani sosai don shi ne zuciyar aikin naki. A teku hasken rana mai amfani baya wuce mita 200, daga nan sai duhu-duhu, zuwa mita 1,000 kuma duhu ne sosai. Duk mita 10 da aka nitsa nauyin ruwa yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke danne mu a nan doron ƙasa, kinga wanda yake mita 1,000 yana ɗauke da ninki ɗari kenan. Manyan idanun nan nasa don wannan duhun aka yi masa su, su tattaro ɗan hasken da ya rage da kuma ƙyallin ƙananan halittun da suke haskaka jikinsu da kansu. Kuma ba zama yake a ƙasan ba. Da rana yana can zurfi, da magariba tayi sai ƙananan kifaye da jatan lande da sikwid, wata halittar teku mai hannaye da yawa, su taso sama neman abinci, shi ma ya biyo su, asuba nayi kowa ya koma ƙasa. Kullum haka, hawa da sauka na ɗaruruwan mitoci, ba shi kaɗai ba har da halittu bila adadin, kuma masana suna cewa babu wata ƙaurar dabbobi a duniya da ta kai wannan yawa. Subhanallah, muna nan Kano muna barci ana wannan hidimar kowane dare.

Bayan hawa da sauka akwai kuma tafiyar shekara. Brama brama yana son ruwa mai ɗumin digiri 12 zuwa 24, to idan bazarar Turai ta shigo ruwa ya yi ɗumi sai ya bi abinci ya yi arewa garke-garke, in sanyi ya kawo kai ya juyo kudu. Wasu shekarun waɗanda suka makara sai su shiga Tekun Arewa, tsakanin Ingila da Holan, wanda ba shi da zurfi kuma yana saurin yin sanyi, sai sanyi ya kama su jikinsu ya mutu, igiyar ruwa ta watso su bakin gaɓa wajen watan Nuwamba da Disamba mutane suna tsinta. Wannan abu ne da aka daɗe ana rubutawa.

Shi ma abincin wasu ne, tuna da shak da kifin nan mai dogon baki kamar takobi duk suna cinsa. Da yawa daga 'ya'yan wannan dangi ma a cikin tumbin tuna masana suka fara ganinsu, don kama su da hannu a tsakiyar teku ba abu ne mai sauƙi ba.

Sauran 'yan gidan da ya kamata ki ambata: Brama japonica na arewacin Fasifik, wanda a da manyan tarunan nan masu tsawon kilomitoci da ake saki suna yawo a teku suke kwashewa ba don shi aka kafa ba, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa aka dakatar da irin wannan su daga ƙarshen 1992. Sai Brama australis na ƙasar Chili, suna ce masa reineta, yana cikin kifayen da suka fi ci a ƙasar. Sai Taractichthys, su ne ƙattin gidan, ɗaya yana kaiwa mita guda, ɗayan kuma mai fikafikai lanƙwasassu kamar lauje a Hawai ana kiransa monchong, yana da maiƙo kuma masu otal suna rububinsa. Na ƙarshe kuma wanda ni ya fi burge ni, Pteraclis, jikinsa siriri ne amma fiffiken sama da na ƙasa in ya buɗe su sun ninka faɗin jikinsa sau da yawa, shuɗi mai duhu, in zai yi gudu kuma sai ya naɗe su su shige cikin wani kwari da ke bayansa da cikinsa kamar babu su. Ki nemi hotonsa ki saka a aikin, malaminku zai tsaya ya kalla.

Wajen kamu, mutanen Sifen da Fotugal ne gwanaye. Da mamari suke kama shi, dogon igiya mai ɗaruruwan ƙugiyoyi, sai dai nasu da koto a jiki kuma tsawonsa kilomitoci ne, jiragensu suna saukowa har gaɓar Maroko da Muritaniya. A Sifen sunansa palometa ko japuta. Ki rubuta da kalmominki ƙanwata kada ki kwafe, kuma ki zana shi da hannunki ki nuna ido da fiffike da wutsiya, nan zaki gane kin fahimta ko baki fahimta ba.

TAMBAYA: Malam ance min duk kifin da ba shi da ɓawo bai halatta ba, kuma naga zubaidin da mijina ya kawo daga Saudiyya jikinsa sumul yake. Ya halatta mu ci?
Daga wata uwargida, Gwammaja

AMSA: Ku ci abinku Hajiya. A mazhabar Imam Malik da muke kai abin da ke rayuwa a teku halal ne, mai ɓawo da marar ɓawo, Allah ya faɗa a Suratul Ma'ida aya ta 96 cewa an halatta mana farautar teku da abincinsa, ga kuma hadisin Abu Huraira da ke cikin Muwaɗɗa inda Annabi (SAW) yace ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Sharaɗin ɓawo a wasu mazhabobin yake. In da haka ne ai da tarwaɗa ma bamu ci ba. Sannan shi zubaidi yana da ɓawo, gogewa yayi a hanya.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ina kiwon tarwaɗa a tankin tamfol da kwami biyu na siminti a bayan gida, kasuwar ta cushe, kuɗin abinci kullum hawa yake. Naga bidiyo a YouTube 'yan Indiya suna kiwon famfiret a ruwan daɗi suna samun kuɗi sosai. Wani ya ce zai iya kawo min 'ya'yan in na tura kuɗi. Ya kake gani?
Daga wani mai kiwon kifi, Ɗorayi

AMSA: Ɗan'uwa riƙe kuɗinka tukuna, dan Allah kada ka tura. Na san halin da masu kiwon tarwaɗa suke ciki, buhun abinci ya fi ƙarfin mutum, ka yi wata huɗu biyar kana wahala dillali yazo ya yi maka tayin wulaƙanci, dole mutum ya fara hangen wata ƙofar. Amma bari kaji.

Famfiret na teku, ko Brama ko zubaidi, ba zai rayu a kwaminka ba ko na yini ɗaya. Ruwan teku kowace lita tana da gishiri wajen giram 35. Kifin teku jikinsa kullum asarar ruwa yake, don haka shan ruwan gishirin yake yi yana fitar da gishirin ta wajen numfashinsa na ƙarƙashin kumatu. Kifin ruwan daɗi irin tarwaɗa da ƙarfasa akasin haka ne, ruwa ne yake shigarsa ta ko'ina, shi yasa baya sha sai yawan fitsari. In ka ɗauki na teku ka jefa a ruwan rijiyar burtsatse ruwa zai cika shi, gishirin jininsa ya tsinke, ya mutu. Kuma ba zancen ka zuba gishirin girki bane, ruwan teku haɗi ne na sinadarai da yawa. Zubaidi ma a Kuwait inda tekun yake a ƙofar gida, cibiyar bincikensu ta kimiyya tun ƙarshen shekarun 1990 take fama da yadda za a kiwata shi, kifi ne mai tsirfa, ɗan taɓi kaɗan ɓawonsa ya fita ya kamu da ciwo. Na Chaina mai ruwan ɗorawa ya fi juriya, yana iya zama a ruwa mai gishiri kaɗan, amma wannan zancen masu bakin teku ne irin su Legas da Bayelsa, ba Ɗorayi ba.

To me ka gani a bidiyon? Kusan tabbas paku ka gani. Kifin Kudancin Amurka ne daga kogunan Amazon da Orinoko, sunansa Piaractus brachypomus, ɗan'uwan firana ne mai cizon nan, sai dai shi haƙoransa masu faɗi ne na tauna 'ya'yan itace da ƙwallaye. Yana da faɗi, yana da ƙyalli, ƙananan cikinsu ja ne, sai aka laƙaba masa famfiret na ruwan daɗi don ya shiga kasuwa, a Indiya suna ce masa rupchand. Yana girma da sauri, yana cin kusan komai, wannan gaskiya ne. Amma yana da ƙananan ƙayoyi masu rassa a cikin tsoka waɗanda na teku ba shi da su, kuma ka tambayi kanka wa zai saya a Kano? Matan da suke zuwa Galadima da 'Yan Kura sun san tarwaɗa, ƙarfasa, ragon ruwa, giwan ruwa, kifin da basu sani ba sai ka yi ta roƙo kafin a ɗanɗana. Kana iya cika kwami ka rasa mai ɗauka.

Abin da ya fi damuna ma ba wannan bane. Baƙon kifi in ya kuɓuce, ambaliya ta kwashe kwami ko mutum ya gaji ya juye a rafi, ya shiga Challawa ko Tiga ko ya gangara Haɗeja, ba mai iya dawo da shi, zai yi gogayya da namu a kan abinci da wajen ƙwai, kuma masuntan da suka dogara da ruwan nan su zasu kwana a ciki. Shi yasa shigo da kifi mai rai daga waje sai da izinin hukumar killace dabbobi da tsirrai ta ƙasa, NAQS. Wanda zai kawo maka a jarka ta bayan fage ba da takarda ba, ba taimakonka yake ba.

In canji kake nema ga ƙarfasa nan, abincinta bai kai na tarwaɗa tsada ba don bata buƙatar furotin mai yawa haka, masu gashi kuma suna nemanta, ka nemi 'ya'ya zalla maza daga wajen ƙyanƙyasa mai amana don in ka haɗa da mata haihuwa zasu yi tayi su cika kwamin da 'yan ƙanana. Ko kuma ka riƙa yin banda da kanka maimakon sayar da ɗanye, banda tana jira, ɗanye baya jira, a nan dillali yake samun wuyanka. Akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa a New Bussa jihar Neja, ga sashen kifi a BUK nan kusa da kai, ka taka kaje ka yi tambaya.

TAMBAYA: Malam maigidana ya sayo kwalin kifin ƙanƙara an rubuta famfiret, da na narkar sai naga wasu sun yi laushi suna ɗan ƙarni, ɗaya kuma da na yanka naga wani abu fari dogo kamar zare a cikin tsokar. Na tsorata na ajiye. Guba ne? Kuma yaya ake dafa shi?
Daga Maman 'yan biyu, Gyaɗi-Gyaɗi

AMSA: Sannu Maman 'yan biyu, kin kyauta da kika tsaya kika tambaya. Abu biyu ne daban kuma wanda ya fi tsorata ki shi ne mai sauƙin.

Farin zaren nan tsutsa ce, kuma sananniya ce a jikin Brama, har suna gareta, Gymnorhynchus gigas. Ƙaramar ce take zama a tsokarsa tana jiran shak ya cinye shi, a cikin hanjin shak ɗin take girma. Bata zama a cikin ɗan Adam, ƙanƙara ta riga ta kashe ta, wuta kuma ta ƙarasa. Ki yanke wajen ki yar, in ta yi yawa a kifi ɗaya har ranki bai kwanta ba ki yar da shi duka. Tsutsar kifin teku da take cutar mutane, anisakis, masu cin ɗanyen kifi take kamawa irin mutanen Jafan, da zarar tsakiyar tsoka ta kai zafin digiri 63 ta mutu, mu da muke soyawa har ya yi ƙaras ba ruwanmu.

Laushin da ƙarnin su ne abin dubawa. Ki tuna daga ina kifin nan ya taso, an daskarar da shi a jirgi ko a masana'anta, ya yi makonni a teku, ya sauka Apapa, ya hau mota ya yi tafiyar kilomita wajen 1,000 zuwa Kano, ya shiga kol rum, daga nan shago, daga nan firizarki, kuma duk tsawon hanyar nan ana so ya zauna a digiri 18 ƙasa da sifili. Ko'ina aka samu matsala, injin mota ya tsaya ko aka ɗauke wuta aka ƙi tada janareta don tsadar gas, zai narke ya sake daskarewa, kuma sunan da ke jikin kwali ba zai faɗa miki ba. Kwalin ne da kansa zai faɗa. Ki duba ƙasansa, in kika ga tabon ruwa ya bushe ko kwalin ya lanƙwashe, ko jan ruwa-ruwan jini ya taru ya daskare a kusurwar leda, ko kifayen sun manne sun zama dunƙule ɗaya da ƙanƙara mai gari-gari a kansu, to ya taɓa narkewa. Bayan kin narkar ki danna da ɗan yatsa, mai kyau zai taso ya koma daidai, wanda ramin yatsa ya zauna ya tafi. Ki ɗaga kumatun ki shinshina, in wari mai hawa kai ya bugo ki, ko cikin ya fashe da kansa, a yar. Kada ki ce yaji da tafarnuwa zasu gyara. Wannan ya ma fi shafar taitus da shawa da muke saye kullum, su in suka yi ɗumi wani sinadari ne yake taruwa a jikinsu, histamin, wanda suya bata kashe shi, mutum yana gama ci fuska ta yi ja, ƙaiƙayi, ciwon kai, wani har da gudawa, sai ace ai kifi ne baya karɓarsa alhali kifin ne ya lalace.

Waɗanda suka tsira kuma, ki narkar da su a ƙasan firij cikin dare, ko a leda a cikin ruwan sanyi in sauri kike, ba a rana ba kuma ba a ruwan zafi ba. Tunda tsutsar nan ta nuna da alama naki Brama ne sai kin daure wajen kankarewa, wasu ma feɗe fatar suke gaba ɗaya da wuƙa mai kaifi su fitar da tsoka huɗu. Tsokarsa tana da ƙarfi bata dagargajewa don haka ta dace da miyar tumatir ko farfesu, amma ki saka ta a ƙarshe minti goma ya isa. In gashi ne ki tsaga jikin sau uku uku kowane gefe har wuƙa ta taɓa ƙaya, ki daka tafarnuwa da citta da attaruhu da ɗan masoro, gishiri, lemon tsami da mai cokali biyu, ki cusa cikin tsagar da yatsa ki barshi rabin awa a firij, sai ki ɗora a waya a kan garwashin da ya daina ci da harshe, ki shafa wa wayar mai tukuna, kuma kada ki yi ta juyi, sau ɗaya ya isa, da kinga gefen ya fara fari ya saki wayar da kansa sai ki juya. In wata rana zubaidi ya shigo hannunki shi kuma ki rage yaji sosai, gishiri da kurkum da lemon tsami kawai, a mai mai zafi minti uku zuwa huɗu kowane gefe.

TAMBAYA: Akwai shi a tekun Najeriya?
Daga wani matashi, Kurna

AMSA: Zubaidi babu, shi na gabas ne. Amma gaɓar Najeriya mai tsawon kilomita 853 tana da 'yan'uwansu, akwai Stromateus fiatola ɗan gidan su zubaidi mai ɗigo-ɗigo a jiki da jiragen jan taru suke kamowa, akwai kuma nau'o'in Trachinotus, dangin wanda Alhaji yake ci a Gwanzu, har cikin ruwan Legas suna shigowa. Brama kuwa sai an yi nisa cikin teku inda kwalekwalen masuntanmu baya kaiwa. Mai son ƙarin bayani a kan kifayen tekunmu, cibiyar binciken teku ta ƙasa, NIOMR, tana Victoria Island a Legas tun 1975, aikinta kenan.

A ci gaba da turo tambayoyi ta inda aka saba, wanda zai tambaya a kan kifi dan Allah ya haɗo da hoto, gefe ɗaya da kuma cikin, yafi sauƙin ganewa. Sai mako mai zuwa.